Shirun Waya a Bakin Kwalbati

Murna ba ta son shiga Kura ranar kasuwa, amma babu yadda ta iya, ita ce ke riƙe wa yayanta Bulus buhun shinkafa a bayan babur idan za su kai inji. Ranar nan, bayan sun sauke buhun wurin masu casa, Bulus ya ce su biya ta rumfar Abdulsamad mai caji, ya karɓi wayarsa da ya bari tun jiya.

Murna ta tsaya daga gefe, ta ja gyalenta. Teburin Abdulsamad cike yake da wayoyi kamar kullum, sai dai yau duk fuskarsu ɗaya ce: baƙi wuluk, da wani farin zobe a tsakiya yana juyawa a hankali. Babu mai ƙara, babu mai waƙa. A cikinsu ta gane ta Kubra matar Hamma, 'yar ƙauyen da ke ƙasa da nasu, saboda jan murfinta mai hoton fure.

"Oga Bulus, ka zo a daidai," in ji Abdulsamad. "Sabon tsari ya fito. Duk wanda wayarsa za ta ɗauka na sauke masa."

"Wa ya aike ka?"

"Kai dai karɓi ka gani. Wayarka ta je makaranta ta dawo, kai kana can kana dashen shinkafa."

Bulus ya karɓa. Bai ma danna komai ba, ɗaga ta kawai ya yi, ta kawo haske da kanta kamar dama jiransa take. Murna ta leƙa ta bayan kafaɗarsa. Wayar dai ita ce, ga tsagar gefen gilashin, ga robar da ta ɗaure murfin da ita. Amma abin da ke ciki ya sauya. 'Yan hotunan da ake dannawa duk sun yi laushi, launinsu ya koɗe, suna ɗan motsi idan an karkata wayar, kamar abin da mutum ke hangowa a ƙarƙashin ruwa. Koren hoton da ake kira da shi ya bar wurinsa ya koma wani lungu.

"Kai, wannan ya haɗu," in ji Bulus. Yana shafa gilashin, abubuwa suna zamewa ba ko sauti.

"Ba ka ga komai ba," in ji Abdulsamad. "Wayo gare shi. Yana duba yadda kowa ya saba kiranka, ya tsince masu damun mutane, 'yan damfara da masu cewa ka ci kyautar mota, ya rufe musu baki. Ba za ka ma san sun kira ba."

Wani ɗan acaba da ke zaune a benci ya ce, "Har da surukata?"

Aka kwashe da dariya. Murna ta so ta tambaya ta yaya waya za ta san mai damun mutum da wanda ba ya damunsa. Tambayar ta zo har bakinta, ta ga maza ne cike da rumfar, ta haɗiye ta.

Wayar ta Bulus ce, amma ta fi daɗewa a hannun Murna. Duk ranar da ake aikin taɓo, ita ake bar wa. Karatunta a firamare ya tsaya, tana haɗa Hausa a hankali, Turanci kuwa ba ta ko gwadawa. Da kunne take gane mai kira, domin Bulus ya sa wa kowa nasa sauti. Gwaggo Iyatu, ƙanwar babansu, kiɗan kalangu ne. Malam Baballe, mai kula da ƙofar ruwa a can sama, carar zakara ce.

Wannan carar ta fi duk sauran muhimmanci. Sau ɗaya a shekara ake rufe ruwan kanal na 'yan kwanaki, kowane ƙauye ya fito ya yashe nasa sashen. Sashen su Murna yana da kwalbati da ya bi ta ƙarƙashin titi. Doguwar hanya ce mai duhu, tana gangarawa ƙasa a tsakiya kafin ta sake hawa ta ɗaya gefen, kuma a wannan lotsawar laka da saiwar ciyawar kacala ke taruwa su toshe ruwa. Sai mutum ya shiga da rarrafe. Babanta Barau ne ke shiga, don ƙaramin jiki gare shi, kuma tun yana saurayi yake yi. Ana ɗaura masa igiya a ƙugu, saboda kunnensa ya yi nauyi, murya kuma ba ta kaiwa can ciki.

Ba wanda ya san ainihin lokacin da ruwa zai dawo. Idan ya iso daga babban kanal, Malam Baballe ba ya iya riƙe shi, dole ya buɗe. Shi ya sa aka yi yarjejeniya tun farkon zuwan waya: kafin ya murɗa ƙarfen ƙofar zai yi filashin, ya kira ya katse, ya sake kira ya katse. Ba ya magana, ba a kuma kiransa. Da jin zakara ya yi cara, a ja igiya. Daga nan sai mai riƙe da wayar ya yi wa ƙauyen gaba nasa filashin, su ma su fito da nasu mutumin. Ita Murna, Kubra take yi wa, don mijinta Hamma ne ke shiga nasu kwalbatin. Haka ake yi shekara da shekaru, ba a taɓa samun matsala ba.

Kwana biyun da suka biyo bayan zuwansu Kura, wayar ta yi shiru. Bulus ya ji daɗi, ya ce ya huta da mutanen banza. Murna kuwa shirun ya tsaya mata a rai. Takan ɗaga wayar ta duba ko ta mutu ne, sai ta kawo haske a hankali, zoben nan ya ɗan bayyana ya ɓace. Wani lokaci tana tankaɗe sai ta ga gefen gilashin ya yi wani ɗan haske kamar ƙiftawar ido, kafin ta kai hannu ya ɗauke.

Ranar Juma'a da yamma Gwaggo Iyatu ta shigo gidan tana faɗa tun daga zaure.

"Ke Murna, yanzu kun zama manya ko? Tun jiya nake muku filashin, ko ku kira ni ku ji ko na mutu."

"Gwaggo, ba mu ji ba."

"Ba ku ji ba. To ai ni ma ba na ji idan aka ce in ara muku turmi."

Bulus ya ce, "Wayarki ce ta tsufa, Gwaggo. Tun zamanin da ake hawa bishiya neman sabis kike da ita."

"Ta tsufa amma ta san uban gidanta. Taka fa?"

Suka yi ta cacar baki har ta karɓi gishirin da ta zo nema ta tafi. Barau yana zaune kan tabarma yana wasa ɗan gajeren sheburinsa da dutse, bai ji rabin abin da aka ce ba. Gobe ce ranar yasar kwalbati. Idan ba a buɗe shi ba kafin ruwa ya dawo, shinkafar da aka dasa a duk gonakin gaba za ta bushe a tsaye, kuma ba za a sake rufe ruwa ba sai baɗi.

Da safe maza suka taru a bakin kanal da shebur da kwanon sarki. Ƙasan kanal ɗin ya tsattsage, sai 'yan kududdufai da yara suka gama kwashe kifin ciki. Murna ta zauna a inda take zama kowace shekara, kan simintin bakin titi, ta ɗora wayar a cinya. Ana cikin ɗaura wa babanta igiya ta matsa kusa da Bulus, ta yi magana ƙasa ƙasa.

"Yaya, ka tabbata za ta yi ƙara?"

"Me?"

"Wayar. Tun da aka sa mata abin nan ban ji ta yi ƙara ba."

Bulus ya yi tsaki, amma ya goge hannunsa ya karɓa. Ya lalubo sunan Malam Baballe, ya danna wani wuri, zakara ya yi cara ras. "Kin ji zakaranki, yana nan da ransa." Ya waiga. "Fatihu, ɗan yi mini filashin mu gani."

Fatihu dillalin tumatir ne, yana da gona a gaban kwalbatin, shi ya sa ya zo, ko da yake tsayuwa ya fi yi a kan aiki. Ya zaro tasa wayar yana murmushi. "Ni ba na filashin, Bulus. Wannan aikin talakawa ne. Idan na kira mutum, kira nake yi."

Ya kira. Wayar ta ɗauki wani sabon sauti mai taushi kamar ana buga gilashi da cokali. Aka yi dariya, wani ya ce ai 'yar Barau ta fi Abdulsamad sanin waya, a buɗe mata rumfa. Murna ta sunkuyar da kai ta koma wurin zamanta.

Barau ya ɗaura tocila a goshi. Ya dube ta ya ɗaga mata hannu kamar yadda yake yi duk shekara. "Uwata, kunnenki ne nawa yau," ya ce, sannan ya durƙusa ya shige. Tafin ƙafarsa ne ya ɓace a ƙarshe. Ta gefen da ruwa ke zuwa ya shiga, domin ɗaya bakin a cushe yake da kacala. Ta nan ɗin kuma zai fito, da baya da baya, don babu wurin juyawa a ciki.

Aiki ya kankama. Barau ya cika kwano a ciki, a jawo da wata igiyar, Bulus ya karɓa a baki ya miƙa sama, a zubar. Baƙar laka mai wari ta yi tudu a gefen kanal. Igiyar ƙugunsa tana ta shigewa kaɗan kaɗan, har abin da ya rage a waje bai fi a naɗe a hannu ba. Ya kai lotsawar ke nan.

Rana ta ɗaga. Murna ba ta ɗauke ido daga wayar ba. Gilashin baƙi ne, tana ganin fuskarta a ciki. Can sai gefensa ya yi ɗan hasken nan, ya ɗauke. Ta ɗaga wayar. Babu komai, sai hotunan nan masu laushi suna lilo. Ta mayar. Jim kaɗan ya sake yi, ya ɗauke, can kuma ya sake har sau biyu. Ta dubi Bulus, yana ƙasa cikin laka har gwiwa, maza suna masa tsiya kan wata yarinyar Bunkure. Ta buɗe baki, ta tuna dariyar ɗazu, ta rufe.

Ta kalli sama, wajen da kanal ya fito. Babu abin gani sai gonakin albasa da ƙyallin rana. Balbelu da ke kiwo a ƙasan kanal can nesa sun tashi gaba ɗaya sun sauka kan wata bishiyar mangwaro. Wataƙila kare ne ya kore su.

"Ke Murna."

Gwaggo Iyatu ce ke tahowa ta kan titi, da ƙaton bokitin kunu a ka, tana haki.

"Wai ke wace irin yarinya ce? Tun daga ƙofar gida nake miki filashin ki zo ki tare ni. Wuyana kamar zai karye."

Murna ta miƙe tsaye. "Yaushe, Gwaggo?"

"Yanzu mana. Da na fito na yi, da na zo wajen rijiya na sake yi. Ko barci kike?"

"Wayar tana hannuna. Ban ajiye ta ba."

"To kurma ce kamar ubanki."

Murna ta taimaka mata ta sauke bokitin. Kunu ya zubo mata a ƙafa ba ta ji zafinsa ba. "Gwaggo, ki sake yi. Yanzu, ina kallo."

Gwaggo ta kwance bakin zaninta tana mita, ta ciro 'yar ƙaramar wayarta mai maɓallai, ta danna. Murna tana jin kiran yana shiga daga wayar Gwaggo, siriri. Ta dubi wadda ke hannunta. Babu kalangu. Babu komai. Gefen gilashin ya yi haske sau ɗaya, ya ɗauke.

Sai maganar Abdulsamad ta dawo mata, kalma bayan kalma. Yana duba yadda kowa ya saba kiranka. 'Yan damfara kira suke su katse, don ka bi su. Gwaggo ma kira take ta katse. Fatihu bai taɓa katsewa ba, shi ya sa nasa ya shiga. Malam Baballe kuwa, tun da aka sayi wayar nan, bai taɓa bari kiransa ya wuce ƙara ɗaya ba.

Ta shiga tuna sau nawa hasken ya ƙifta tun safe. Ya fi na Gwaggo yawa.

Ba ta san lokacin da ta dira cikin kanal ba. Lakar ta kama takalminta, ta bar shi a nan. Ta ture Bulus ta kama igiyar ƙugun babanta ta fizga da duk ƙarfinta.

"Ke, lafiyarki?" Bulus ya riƙe hannunta. "Saura kaɗan ya huda. Idan kika fito da shi yanzu aikin ya lalace."

"An saki ruwa."

"Wa ya ce? Zakara ya yi cara ne?"

"Ba zai yi ba. Wayar ta rufe masa baki. Ta rufe wa Gwaggo, ta rufe wa Malam."

Maza sun tsaya da aiki suna kallonta. Fatihu ya fara cewa wani abu game da mata da tsoro. Murna, wadda ko gaisuwa sai an matso ake jin muryarta, ta juyo ta dube su duka.

"Ku ja igiyar nan!"

Wani dattijo da ke saman gaɓa ne ya fara nunawa da hannu. Can sama, a tsakiyar busasshen kanal, wani siririn abu mai ƙyalli yana tahowa, yana turo busasshen ganye da ledoji a gabansa. Ba gudu yake ba. Yana shiga kowace tsaga ya cika ta, ya wuce. A bayansa kuma ana jin wani sauti kamar iska a cikin gonar rake.

Bulus ya naɗe igiyar a hannu, maza suka jeru a bayansa. Wasu suka shiga turo tudun lakar da aka fitar zuwa cikin kanal da shebur, don ya tare ruwan ko na ɗan lokaci. Igiyar ta taho kaɗan, ta tsaya. Barau bai gane ba, yana ja ta ciki, alamar a bar shi ya ƙarasa.

Ruwan ya taɓa ƙafar Murna. Sanyi ne da shi. Ya kewaye tudun lakar ta gefe, ya lallaɓa ya shiga bakin kwalbatin. Nan da nan igiyar ta saki, ya ji ruwan a jikinsa ke nan. Suka ja. Ruwan ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri, tudun lakar ya narke ya bi shi. Bakin kwalbatin da ɗazu mutum ke shiga da rarrafe, yanzu rabinsa ruwa ne mai kumfa. Murna ta durƙusa ta zura hannu cikin duhun har kafaɗa, tana lalube. Babu komai sai igiya. Suka sake ja. Igiyar ta ƙi, wani abu ya riƙe ta. Bulus ya ja numfashi ya cusa kansa ciki har ƙugu, Fatihu ya riƙe masa ƙafafu, babbar rigarsa tana yawo a kan ruwa.

Ƙafa ɗaya ce ta fara fitowa, sannan ɗayar. Suka fizgo shi kamar ana cire rogo. Babu tocila, babu shebur, fuskarsa duk laka ce, goshinsa ya fashe. Suka ɗauke shi suka haura gaɓa, suka kifa shi a kan siminti. Gwaggo tana dukan bayansa tana kiran sunansa na yarinta. Ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya yi wani tari mai ƙarfi, baƙin ruwa ya fito ta baki da hanci.

Da suka waiga, bakin kwalbatin ya ɓace. Ruwa ya rufe shi, yana juyawa a wurin. Can sai aka ji wani gurnani a ƙarƙashin titi, ragowar toshiyar da Barau ya sassauta ta ɓalle, ruwa ya fashe ta ɗaya gefen da kacala da komai, ya miƙe ƙasa.

Barau ya buɗe ido, ya nemi Murna. Muryarsa a dishe. "Kin sanar da su Hamma?"

Wayar tana kan simintin inda ta yar da ita. Ta ɗauka da jiƙaƙƙen hannu, ta kawo haske a hankali, lafiya lau. Da ƙyar ta gano inda koren hoton ya koma. Ta kira Kubra, wannan karon ba ta katse ba. Kiran yana shiga, yana shiga. Sai ta tuna jan murfi mai hoton fure a kan teburin Abdulsamad, da farin zobe yana juyawa. Ita ma ba ta taɓa kiran Kubra ta bari ya wuce ƙara ɗaya ba.

"Yaya," ta ce. "Tata ma an sa mata."

Bulus bai tsaya neman takalmi ba. Ya haye babur da lakarsa, ya buga, ya ƙi tashi, ya sake bugawa. Ya bi hanyar ƙauyen su Kubra, ruwan yana gabansa.

Barau ya yunƙura ya zauna, Gwaggo ta tallafe shi. Ya bi babur ɗin da ido. "Kanal yana zagayawa ta bayan gonakin albasa," ya ce. "Hanya kuwa a miƙe take." Bai ce Bulus zai riga ruwan ba.

Fatihu yana matse rigarsa, yana tambayar ko akwai mai lambar wani a can ƙauyen ya karanto masa. Murna tana tsaye ba takalmi, wayar a kunnenta. Kiran ya yanke da kansa. Ta sake dannawa.